Hayaƙin Ɗakin Falmata

Ni dai tun da nake sana'ar turaren wuta ban taɓa ganin namiji mai saye irin Sa'id ba. Na san sayen amarya, na san na mai jego, na san na matar da mijinta zai dawo daga tafiya. Amma gwauro, mai wayarin mota, mai baƙin mai a farce, ya riƙa zuwa a kai a kai yana cewa a cika masa kwalba da wanda ya fi hayaƙi? Ba ƙamshi yake tambaya ba fa, hayaƙi. Rannan na kasa haƙuri na ce, "Sa'id, aljanu kake kora ne a gidan naku?" Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ya Rashida, Hajja ce ke so."

Ƙarya yake yi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu a nan unguwar Gwange, kuma na san Hajja Kaltum, uwarsa, tana da ciwon ƙirji. Ko hayaƙin girki ba ta iya zama kusa da shi.

Su huɗu ne a gidan: Hajja, da Sa'id, da Falmata matar yayansa Babagana wanda bam ya kashe a tasha, da 'yarta Siddiƙa da ke firamare. Duk layin nan ba wanda ake yabo kamar Sa'id. Ya riƙe matar ɗan'uwansa, ya riƙe marainiya, bai bari sun tafi sansanin 'yan gudun hijira ba, alhali garin su Falmata yaran daji sun ƙone shi ƙurmus. Ya kuma riƙe shagon marigayin, har ana cewa ya fi shi iyawa.

Shagon gyaran allon mita ne, wannan allon da ke gaban direba mai nuna mai da gudu da zafin inji. Tsofaffin motocin Baljiyam da suka cika garin nan duk ciwonsu ɗaya: lambobi su dushe, allurar mai ta kwanta, fitilar gargaɗi ta mutu. A wani garin wannan ba komai ba ne, mutum ya yi ta tuƙinsa. Mu nan ba haka ba ne. Direban da mai ya ƙare masa a hanyar Damaturu bai sani ba, ko inji ya yi zafi ya tsaya masa a daji, sai dai a yi wa iyalinsa addu'a. Shi ya sa motoci suke layi a ƙofar shagon Sa'id. Kuma kowa ya san ɗabi'arsa: ba ya gyara a gaban mutum. Sai ya kwance allon ya sa a buhu, ya ce a dawo gobe, wai shi aikin natsuwa yake yi.

Wata rana da hantsi ƙamshin turarena ya keto katanga, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari mai ɗaci, mai kama maƙogwaro. Ni na haɗa turaren nan da hannuna, na san abin da na zuba a ciki. Na yafa lafayata na shiga gidan. Hajja Kaltum tana zaune a inuwar darbejiya, can nesa da ɗakin baya, tana jan carbi.

"Wushe, Hajja."

"Wushe, Rashida. Falmata tana barci."

Ban ma tambaye ta ba. Na wuce ta na tura ƙofar ɗakin.

Innalillahi! Hayaƙi ne ya mare ni, sai da na ja da baya ina tari. Taga a rufe, an soke ramukanta da tsumma. A ƙasa kurfoti cike da garwashi, an cusa ƙarfen liƙi a ciki yana yin ja, don tun da aka tarwatsa turakun wutar lantarki garin ke cikin duhu. Gefe ɗaya kaskon turare yana ta tuƙuƙi. A tsakiyarsu Falmata ce zaune a kan 'yar kujera, ta ɗaure tocila a goshi da ɗankwali, ta sunkuya a kan allon mota da aka buɗe cikinsa. Wayoyin da take liƙewa da dalma sirara ne kamar gashin kai. Hancinta ya kusa taɓa allon, idanunta jajur suna zubar da ruwa.

"Falmata! Ke ce ke aikin nan?"

Ta zabura har ƙarfen ya kusa faɗo mata a cinya. "Ya Rashida, don Allah rufe ƙofar. Don girman Allah rufe."

A tsaye ta ba ni labarin, a gurguje. Lokacin dokar hana fita Babagana kan kawo aiki gida, ita ke riƙe masa tocila, har hannunta ya iya. Sa'id kuwa kwancewa da ɗaurawa kawai ya sani, hannunsa kamar na mai faskare. Tun ranar da ta fita takaba yake kawo mata buhun.

Na tare shi da yamma a ƙofar gidana ya zo da kwalbarsa. Na ce, "Ba na sayarwa."

"Ya ƙare ne?"

"Yana nan fal. Kai ne ba zan sayar wa ba. Na shiga ɗakin, Sa'id. Ka ji tsoron Allah. In aikin za ta yi maka, ka buɗe mata taga mana! Ko a tsakar gida ta zauna."

Ya duba hagu ya duba dama, ya matso, ya rage murya. Fuskar nan tasa ta mutumin kirki ta ɓace.

"Ya Rashida, kin san garin da muke ciki? A ji warin dalma a gida, a leƙa a ga wayoyi da batir, kuma a hannun mace? Macen da ta fito daga garin da yaran nan suka ci? Kafin la'asar 'yan gora masu sintiri sun cika layin nan, su ce bam take haɗawa. Wa zai tsaya jin bayani? Ni kare ta nake yi. In kin buɗe baki aka tafi da ita, alhakinta a wuyanki."

Mun ga an tafi da mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Amma ina kallon ƙwayar idonsa na san ba ita yake karewa ba. Sunansa yake karewa, kar direbobi su ji cewa gwanin da suke yi wa layi mace ce a ɗakin baya. Na ce, "To ka kai ta shagon, a ga abin da take yi a fili." Ya ce, "Matar yayana a gareji cikin ƙarti? Ke kya yarda a yi wa taki?" Ya juya ya tafi. Washegari ya sayo wani turare a Kasuwar Litinin, na banza, wanda rabinsa garin katako ne, hayaƙinsa ya ninka nawa.

Ana cikin zafin bazara abin ya faru. Ƙarfen da aka gasa a garwashi ba shi da ma'auni, wani lokacin ya yi zafin da ya wuce kima. Ta ɗora shi a kan dalma, dalmar ta yi tsartuwa, ɗigo ya faɗa mata a idon hagu. Ihun da ta yi har cikin ɗakina. Na shigo da gudu na tarar da ita durƙushe ta dafe fuska, Hajja tana cewa, "Yi shiru mana, yi shiru, maƙwabta za su ji."

Na ce, "Hajja, asibiti. Yanzu yanzu."

"A jira mai gidan ya dawo."

Mai gidan ya dawo, ya ɗaga mata fatar ido da wannan yatsan nasa mai baƙin mai, ya ce, "Ai ɗan ja ne kawai." Na ce asibiti. Ya ce, "A je a ce musu me? Dalma ta faɗa wa matar aure a ido a cikin ɗaki? Akwai sojoji a ƙofar asibitin nan, kin sani." Ya juya wajen Falmata. "Matar yaya, kina so a tambaye ki inda kika koyi haɗa waya?" Ta girgiza kai, hawaye na bin kuncinta. Ya fita ya sayo wani maganin ɗigawa a kemis, bai ma faɗa wa mai kemis ɗin abin da ya sami idon ba.

Hajja kuma ta kawo nata. Ta aika aka karɓo nonon wata mai jego aka ɗiga. Ta sa mata kwalli da nata maciyin da take sa wa kanta. Da idon ya kumbura ta ce alamar dafin yana fita ne.

Ko hutun kirki Sa'id bai ba ta ba. Wai akwai motar wani direban Monguno da zai ɗauki fasinja, allurar mansa ta mutu. "Rayukan mutane ne, matar yaya. In suka tsaya a daji wa za a tambaya?" Haka ta koma kan kujerar da ido ɗaya ɗaure da tsumma. Daga direban Monguno sai na Damboa, daga shi sai motar wani Alhaji. Kullum akwai rayukan da suka fi idonta.

Na riƙa shiga kullum, Hajja tana harara ta, ni ma ina rama hararar. Ina kallo idon yana lalacewa. Da farko ja ne. Sai ya fara kwantsa mai kauri da ke liƙe shi da safe, sai Siddiƙa ta jiƙa tsumma ta goge mata kafin ya buɗu. Sai wani ɗan farin tabo ya fito a kan baƙin idon. Tabon ya yi ta faɗi. Ciwon kai ya hana ta cin abinci, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. In ta fito tsakar gida hasken rana ya dame ta, sai ta koma cikin hayaƙin da kanta, don a can ne kawai akwai duhu.

Na ce mata, "Falmata, ki tattara ki bar gidan nan. Ko ɗakina ki dawo. Ko sansanin ma ya fi wannan."

Ta ce, "Na taɓa faɗa masa. Ya ce ƙofa a buɗe take, in tafi duk inda nake so. Amma Siddiƙa jininsu ce, ba inda za ta."

To kun ji igiyar da ya ɗaure ta da ita.

Da ƙaramar Salla ya ɗinka wa Siddiƙa kaya masu kyau, ya riƙe hannunta ya zaga da ita layin gida gida. Maza a majalisar ƙofar masallaci suna ta sa masa albarka. Wani dattijo har da cewa samarin yanzu su yi koyi da Sa'id. Ina tsaye a zaurena ina jin su, raina kamar ya fashe. Uwar yarinyar tana ciki ranar Salla tana liƙe waya, don wani ya matsa zai tafi da iyalinsa Biu.

Bayan Sallar ne idon hagun ya yi fari fat. Ta ce mini ciwon ya ragu. Hajja ta ce, "Kin gani ko? Ya warke." Ban san lokacin da na ce, "Ya mutu dai, Hajja!" ba. Ta ce in fitar mata daga gida, 'yar Kano mai baki kamar reza. Na ce zan fita, amma Allah yana ganin mai jan carbi a inuwa tana sauraron tarin surukarta.

Ba a jima ba na dama ma ya fara ja. Tsumma ɗaya ake goge su da shi, maciyin kwalli ɗaya. Ranar da na ga kwantsa a gefensa na ce yau ko ni ko su. Na jira Juma'a, Sa'id ya tafi masallaci, Hajja ta kishingiɗa. Na tsayar da keke a ƙofa, na shiga na fizge ƙarfen daga hannun Falmata na jefa cikin bokitin ruwa, na yafa mata lafaya na ja ta. A cikin keken ta riƙo hannuna. "Ya Rashida, in suka tambaye ni fa? In suka riƙe ni, wa zai kula da Siddiƙa?"

A ƙofar asibitin sojan ya duba jakata, ya ɗaga mana hannu muka wuce. Shi ke nan.

Wata ma'aikaciyar jinya muka samu a sashen ido, Salomi sunanta, 'yar kudancin Borno, doguwa mai tsagen fuska. Ta haska idon ta tambayi abin da ya same shi. Ni na ce, "Dalma ce. Gyaran allon mota take yi." Na tsaya ina jiran a kira sojoji.

Salomi ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Masu gyaran rediyo da waya suna zuwa mana da irin wannan kullum. Tun yaushe?"

Na ce tun bazara.

Nan ne ta ɗago. Ta dube ni, ta dubi Falmata, ta ajiye tocilarta a kan tebur da ƙarfi. "Tun bazara? Mama, me kuke jira? Da a ranar kuka zo, wanke shi za mu yi mu sa magani, ta koma gida da idonta." Ta karɓi kwalbar maganin kemis ɗin ta duba, ta ja tsaki ta jefa a kwandon shara. Ta ce irin wannan in an ɗiga a kan rauni ƙara cin idon yake.

Likita ya zo ya tabbatar. Na hagu ya tafi, ba dawowa. Na dama gyambo ya fara kama shi, amma za a iya ceto shi in an bi doka: magani a kan lokaci, a rufe shi da auduga, a dawo a riƙa dubawa. Ba hayaƙi, ba ƙura, ba aikin ƙura ido. Salomi ta riƙe hannun Falmata ta ce, "'Yar'uwa, wannan ɗayan shi ke nan gare ki. Ko girki kar ki yi. In kika koma cikin hayaƙi, ba abin da za mu iya yi miki."

A keke muna dawowa Falmata ta yi ta kuka ba sauti. Can ta ce, "Ashe ba wanda zai kama ni."

Na shirya wa Sa'id faɗa, na tanadi maganganun da zan yayyaɓa masa. Sai ya ba ni kunya ta wata hanyar. Ya saurari bayanin likita har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya ce, "Subhanallahi. Da na san ya kai haka. Ya Rashida, Allah ya saka. Matar yaya, kin bar aikin nan daga yau. Ki huta." Har lemo ya sayo mata. A masallaci ya ba da labarin yadda ya sa aka kai matar ɗan'uwansa asibiti. Ban damu ba, ya ɗauki ladan, in dai idon zai tsira.

Kuma ya fara tsira. Jan ya ragu, kwantsar ta tsaya. Na mayar da ita asibiti Salomi ta ce ana samun sauƙi, a ci gaba. Falmata ta dawo kwana a rumfar tsakar gida, tana shan iska, har ta fara dariya.

Sai wata safiya ina tankaɗe garin kajiji, warin nan ya keto katanga. Turaren katako, da ɗacin dalma a ƙarƙashinsa.

Na watsar da rariyar na fita ko takalmi babu. A tsakar gida na ci karo da Falmata ta taso daga rumfa, idonta rufe da auduga da filasta, tana lalube da hannu tana bin warin. Ita ma shi ya tashe ta. Muka isa ƙofar ɗakin tare. Na tura.

Siddiƙa ce a kan kujerar, da kayan makarantarta a jiki. An ɗaure mata tocilar a goshi, ɗankwalin ya yi mata yawa har an ninka shi. Ƙarfen yana hannunta, tana tari, hawaye na zuba a kan allon. Sa'id yana tsugune a bakin ƙofa inda iska ke shigowa, yana nuna mata da tsinke.

"Wane ne a ciki?" in ji Falmata. "Ya Rashida, wane ne ke tari?"

Ta kai hannu ta ɓalle filastar, ta cire audugar. Ta ƙanƙance idon nan guda ɗaya da muka sha wahalar cetowa, ta dubi cikin hayaƙin, ta ga 'yarta.

Sa'id ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Matar yaya, koma ki kwanta, likita ya hana ki. Koya mata nake. Sana'ar ubanta ce, gadonta ne. Idonta sabo ne, hannunta ƙarami, ta ma fi dacewa. Motoci sun taru, me za mu ci a gidan nan?"

Na ce, "Allah ya isa tsakaninka da marainiyar nan! Kai ba hannu ne da kai ba? Ka zauna ka koya mana, ƙaton banza!"

Hajja ta taso daga inuwarta. "Ke Rashida, gidanki ne? Yarinya ta koyi sana'a laifi ne? Mu da muka tashi muna daka tun ba mu kai turmi tsawo ba, mutuwa muka yi?"

Falmata ta ratsa ta tsakaninmu. Ta shiga ɗakin. Ta kwance tocilar daga goshin 'yarta, ta karɓi ƙarfen, ta ɗaga yarinyar ta turo ta waje wurina. Sannan ta zauna a kan kujerar ta ɗaura tocilar a nata goshin.

Na ce, "Falmata, kin ji abin da Salomi ta ce! Tashi!"

Ta ce, "Na ji. Ni ɗaya ya rage mini, kuma ya riga ya taɓu. Ita biyu gare ta." Ta juyo wajen Sa'id, kuma ban taɓa jin ta yi masa magana da irin wannan muryar ba. "Zan yi maka aikinka. Amma Siddiƙa ta tafi garin Khaddamari wurin ƙanwar Hajja, ta yi makaranta a can. Ai jininku ce ita ma, ba ku da abin cewa. In ba haka ba, wallahi in fita titi yanzu in faɗa wa kowa wanda ke gyara motocin nan."

Ya yarda nan take. Me zai hana shi? Yarinyar ta riga ta ƙona masa allo guda a safiyar, uwar kuwa ba ta taɓa ɓata ko ɗaya ba.

Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na yi kuka a gabanta. Na je na sami Salomi, ta ce in dai ba ita ta kawo kanta ba, ba yadda za su yi. Na sami mai unguwa, ya ce sha'anin cikin gida ne, kuma Sa'id yaron kirki ne, a bi a hankali. Na ce wa Sa'id ko tagar ya buɗe, tunda ya ji da kunnensa ba wanda zai kama ta. Ya ce asibiti daban, unguwa daban.

Damina ta wuce Falmata tana cikin ɗakin nan. Jan ya dawo. Farin tabon ya fito. Ta riƙa matso da allon har yana taɓa girarta. Daga baya ta koma aiki da lalube, yatsunta duk ƙuna, don sun san hanyar wayoyin ko ba ido. Sai allunan suka fara dawowa, direbobi suna ƙorafi. Sa'id ya fara yi mata tsawa, wai ganganci take yi.

Ranar da abin ya ƙare, na gan shi da safe yana wanke mota a ƙofar gida yana fito. Dattawan majalisa suka tambaye shi ina zuwa. Ya ce, "Khaddamari. Zan ɗauko marainiyar nan. Uwarta ba ta gani yanzu, tana bukatar mai yi mata jagora." Suka ce Allah ya yi masa albarka, irinsa ba su da yawa. A kujerar gaba na hango sabuwar kwalbar turaren katako.

Ban yi shawara da kowa ba. Na koma gida na ɗauko taɓaryar da nake daka kajiji. Tagar ɗakin bayan nan a kan layi take, ta langa-langa ce. Na ɗaga taɓaryar na maka mata. Na sake. A bugu na gaba ta ɓalle ta faɗa ciki, hayaƙi ya yi waje kamar an buɗe murfin tukunya.

Na ce, "Ku zo ku gani! Ku da kuke sa albarka, ku taso ku ga mai gyaran motocinku! A kira 'yan gora, a kira soja, ni zan yi musu bayani!"

Suka taso, maza da mata, har da direbobi biyu da suka biyo sawun allunansu. Suka leƙa. Ga kurfoti, ga kasko, ga buhun alluna, ga Falmata a kan kujera da tocila a goshi tana ci, ba ta ma san ta kunna ba. Ba wanda ya ce bam. Dattijon nan mai cewa a yi koyi da Sa'id ya cire hularsa yana kallon cikinta. Sa'id na tsaye da soso a hannu, kumfa na ɗiga a kan takalminsa.

Bai je Khaddamari ba ranar, kuma bai je ba har yau. Ƙanwar Hajja da labari ya kai mata ta aiko cewa duk wanda ya zo ɗaukar yarinyar sai ya bi ta kan gawarta. Yanzu kowa a layin nan cewa yake dama ya yi zargi, dama warin ya dame shi. Munafukai! Hanci ɗaya gare mu da ku. Kun ji warin, kun ga mace ta daina fitowa, kun ga ido ya yi fari, kuka ce sha'anin cikin gida ne, don wanda ke yi yana gaishe ku da ladabi yana kuma gyara muku mota. Allunan da ta gyara suna nan suna haske a hanyar Damaturu da ta Monguno, suna faɗa wa direbobi saura mai kaza, inji ya yi zafi, ku tsaya. Ita ba wanda ya ce a tsaya.

Amma abin da ba ya barin raina shi ne abin da ta faɗa a lokacin. Rana ta shigo ta tagar da na fasa, ta sauka a kan fuskarta sosai, hasken da rabon ɗakin da shi tun rasuwar Babagana. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ajiye ƙarfen a hankali, ta juyo da fuskarta wajen hayaniyar, ta ɗaga hannu tana taɓa kuncinta.

Ta ce, "Ya Rashida, ke ce? An buɗe tagar ne? Na ji iska."